Barka da Sallah daga Santambul

Assalamu alaikum Baba, Inna, Yaya Babba da iyalinsa, Gwaggo, da ke Auta da na san a wayarki wannan saƙon zai sauka. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibada ya maimaita mana. Auta dan Allah ki karanta musu a hankali, kar ki riƙa tsallake layi irin na wancan karon, zan tambayi Inna abin da taji.

Na san tun safe kuke kirana baku samu ba, kuyi haƙuri, layina na Jamus in na kunna shi a ƙasar nan kuɗin da za su cire ba kaɗan bane shi yasa na kashe data gaba ɗaya, sai yanzu da na dawo filin jirgi na samu intanet. Lafiyata ƙalau. Kawai dai bana ba a Jamus nayi Sallah ba, ba kuma a inda zan je ba, a tsakiyar hanya nayi ta. Wajen aiki ne suka turo ni Tashkent, babban birnin ƙasar Uzbekistan, haɗa wasu injina, kuma da yake mai yankar tikiti arha kawai yake dubawa ba ruwansa da wata Sallah, sai ya yanko min wanda zan zauna awa 19 a Istanbul kafin jirgi na biyu. Sati guda nayi ina gunaguni. Daga baya nace to tunda abin ya zo haka bari in nemi biza in fita in ga gari, ya fi in kwana kan kujerar ƙarfe ina kallon masu jan akwati. Baba, garin nan dai shine Santambul ɗin da kuke faɗa mana muna yara, ni a lokacin na ɗauka irin garuruwan tatsuniya ne.

Wajen ƙarfe 2 na dare muka sauka. Filin jirgin sabo ne, a 2018 aka buɗe shi, kuma wallahi girmansa har ya zama wahala, daga ƙofar jirgi zuwa inda ake buga fasfo na fi minti 20 ina tafiya. Jami'in da ya karɓi fasfo ɗina fuskar nan a murtuke, ya kalle ni ya kalli hoto ya sake kallona, ni kuma dama duk inda na tsaya gaban irin tagar nan sai cikina ya ɗuri ruwa ko bani da laifi. Ya buga tambari, ya turo min, sai yace “iyi bayramlar”. Nayi tsaye. Ya maimaita yana ɗan murmushi, yace bayram, Id, Id. Ashe barka da Sallah yake min. To kun ji wanda ya fara yi min barka da Sallah bana, ɗan imigireshin ne da ƙarfe 2 da rabi na dare.

Jirgin ƙasan da ke shiga gari baya aiki a irin wannan lokacin sai na shiga bas, kusan awa guda muna tafiya domin filin can bayan gari yake wajen Baƙin Teku. Garin mutum sama da miliyan 15 ne amma titi fayau, wai da yawa sun tafi garuruwansu yin Sallah. Abin da na fara lura da shi kuliyoyi ne. Inna da kin gani da kin riƙe baki, kuliya kan kujerar jiran bas, kuliya kan mota, kuliya a ƙofar banki, duk ɓul-ɓul da su ba mai korarsu, har ɗan kwanon ruwa da abinci ake ajiye musu a bakin shaguna. Daga inda bas ya sauke ni na tari tasi nace masa Eyub Sultan, sai direban ya dafa ƙirji ya gyaɗa kai, bai sake cewa komai ba har muka isa.

Dalilin da yasa na zaɓi can, a nan kabarin Sayyidina Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da raƙumar Annabi (SAW) ta durƙusa a ƙofar gidansa ranar da ya shiga Madina, ya sauke shi a gidansa wata kusan 7. Da tsufansa ya biyo rundunar da ta zo yaƙin garin nan zamanin Mu'awiya, ciwo ya kama shi, ya bar wasiyya a tafi da gawarsa iya inda za a iya kaiwa, aka binne shi kusa da ganuwar birnin. Sai bayan da Sarki Muhammadul Fatih ya ci garin a 1453 aka gina masa hubbare da masallaci. Na tsaya a wajen ina ta lissafin nisan Madina da nan, mutumin da ya sauki Baƙo mafi daraja shi kuma ga shi kwance a garin da ba nasa ba. Nayi muku addu'a ɗaya bayan ɗaya da suna, har jaririn Yaya da ban taɓa gani ba.

Na san Baba zai ce ai matafiyi ba a ɗora masa Idi ba. Haka ne, amma ina gari ana kabbara ta ina zan iya zama. Kuma kabbarar tasu daban ce, ba da sauri suke yi ba, ja suke a hankali da wata irin murya mai taushi, dubban mutane baki ɗaya kamar mutum guda, tun bayan Asuba har rana ta fito. Ciki ya cika maƙil sai a farfajiya na samu wuri, ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya, kan dutsen marmara mai sanyin tsiya ni kuma ban zo da darduma ba. Wani dattijo mai farar hula da ke gefena bai ce min uffan ba, ya juya dardumarsa a kwance yadda za ta ishe mu sa goshi mu biyu.

Yanzu ga inda ɗanku ya kwafsa, Auta kar ki yi dariya ki kasa karantawa. Kafin a tada sallah wajen ƙarfe 6 liman yayi wani bayani da Turkanci, ni na zaci gaisuwa ce, ashe yadda za a yi sallar yake tuna wa mutane. Su Hanafawa ne. Raka'ar farko bayan kabbarar harama sai kabbara 3 kacal, nace to, a raina, an rage. Da muka miƙe raka'a ta biyu ina jiran kabbarori kamar yadda Baba ya koya mana sai naji liman ya kama Fatiha kai tsaye, har na buɗe baki zan ce subhanallah in tuna masa, Allah ya rufa min asiri nayi shiru. Ya gama sura yace Allahu Akbar, ni kuwa na tafi ruku'u abina. Ina duƙe ina kallon ƙafafun mutane sai naga ba wanda ya duƙa, kowa na tsaye ya ɗaga hannu. Ashe su a raka'a ta biyu bayan karatu suke kawo kabbarori 3 ɗin, ta huɗu ce ta ruku'u. Ni kaɗai baƙin mutum a sahu, ni kaɗai kuma a duƙe! Na ɗago a hankali kamar wanda ƙwandalarsa ta faɗi. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Ana gama huɗuba dattijon nan ya riƙo hannuna da hannu biyu yana dariya har da hawaye, yayi min magana da Turkanci ban gane ba, na gwada Turanci bai gane ba, na gwada ɗan Larabcin da nake da shi ya girgiza kai. Can da zan ce masa yayi haƙuri sai bakina ya suɓuce da Jamusanci. Kai ku ga yadda idonsa ya buɗe! Ya amsa min da Jamusanci tsaf wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba. Mu biyu a ƙofar hubbaren sahabi ranar Sallah, da harshen Jamusawa muka gaisa.

Bai bar ni na tafi ba. Ya ja ni wani ɗan shagon shayi a bayan masallaci inda 'ya'yansa da jikoki suke jiransa, suka taso ɗaya bayan ɗaya kowa ya sumbaci bayan hannunsa ya ɗora a goshi, haka suke gaida manya ranar Sallah, shi kuma yana zaro sabbin takardun lira yana ba ƙananan. Wata 'yar jikarsa da bata fi shekara 5 ba ta tsaya tana kallona ta rasa ko ni ma za ta sumbaci nawa hannun, uwar ta tura ta, ta zo ta yi da sauri ta gudu bayan kujera. Aka zuba min wani turare mai ƙamshin lemun tsami a tafin hannu, kolonya suke ce masa, duk baƙon da ya zo sai an zuba masa, aka miƙo alewa. Shayinsu baƙi ne ba madara, a wani ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu da ba ya da mariƙi, sai ka riƙe bakinsa da yatsa biyu in ba haka ba ka ƙone, kuma kana shanyewa an sake cikawa. Na sha 4. Sunansa ma cay, kun ga bai yi nisa da namu ba. Da na zaro kuɗi zan biya sai tsohon ya buge min hannu, da gaske fa har naji zafi, yace kai misafir ne. A harshensu misafir shine baƙo, kalmar musafiri ce dai ta Larabci, wanda kuma ya faɗo ba a san da zuwansa ba irina suna ce masa baƙon Allah.

Labarinsa ne ya tsaya min a rai har yanzu. Yace a 1972 ya tafi Jamus yana saurayi. Tun 1961 ƙasashen biyu suka yi yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata, ana duba lafiyarsu har haƙora kafin a zuba su a jirgin ƙasa, shi yana cikin na ƙarshe-ƙarshe domin a 1973 aka rufe ƙofar. A masana'antar motoci yayi aiki a garin Kolon. Yace ya faɗa wa mahaifiyarsa shekara 2 zai yi, ya tara kuɗin motar noma ya dawo. Sai ya ɗaga min yatsu yana ƙirgawa yana dariya, shekara 31 yayi. Motar noman ya saya, amma ƙaninsa ne ya hau ta. Yace abin haushin ma can ana ce masa baƙo, da ya dawo nan kuma sai aka laƙaba masa Almanji, wato ɗan Jamus, haka suke kiran waɗanda suka dawo, a kasuwa ma daga jin maganarsa sai a ƙara masa kuɗi. 'Ya'yansa biyu suna can har yau, jikokinsa na can Turkancinsu a karye yake. Sai ya tambaye ni kai shekara nawa ka ce wa taka uwar? Inna kin san amsar. Nace masa 3. Yace yanzu kana ta nawa? Nace ta 7. Bai ce komai ba, ya ɗaga hannu aka ƙaro min shayi.

Ban kawo wannan dan in tayar muku da hankali ranar Sallah ba, kuma ba wai nace nima 31 zan yi ba, Allah ya kiyaye. Kawai dai tun da na tafi ba wanda ya taɓa yi min tambayar nan kai tsaye sai wannan bawan Allah da ko sunan ƙasarmu sai da na maimaita masa sau biyu.

Babban jikansa, wani saurayi ɗan jami'a, shi ya raka ni muka hau tudun maƙabartar da ke bayan masallacin. Duwatsun kaburburan dogaye ne farare, na maza da yawa an sassaƙa musu rawani ko hula a ka, na mata furanni, daga siffar rawanin ma wai ana gane matsayin mamacin. Rubutun duk da haruffan Larabci ne. Na tsaya na karanta na saman wani, Huwal Baƙi, sai yaron ya zaro ido yace kana iya karantawa? Ashe shi baya iyawa. Tun 1928 aka canza musu rubutu zuwa boko, yanzu in ba wanda ya je ya koya musamman ba, ba ya iya karanta kabarin kakan kakansa. Sai muka yi haɗin gwiwa, ni ina haɗa baƙi ina furtawa ban san me nake cewa ba, shi yana saurare yana tsintar kalmomin da ya gane yana fassara min. Da ƙyar da gyare-gyare muka gane cewa kabarin wata yarinya ce 'yar wani ma'aikacin fada, a ƙarshe an roƙi duk wanda ya wuce ya karanta mata Fatiha. Muka karanta mata. Baba wannan ladan naku ne, dukan da na sha a kan haɗa baƙi yau yayi rana.

Daga nan na hau taragon da ke bin bakin ruwa zuwa unguwar Eminonu, da wani kati da ake sa wa kuɗi, shi ake shiga bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwa duka. Niyyata in shiga babbar kasuwarsu mai rufi in saya wa Inna mayafi, na sha hawa tudu ina haki na tarar da ƙofa a garƙame, ba a buɗe ta ranar Sallah, wanda da nayi tunani kaɗan ai da na sani. Sai na wuce Aya Sofiya, ita da masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya 6 suna kallon juna, fili ne kawai tsakaninsu. Ita Aya Sofiya coci ce tun shekara ta 537, ta zama masallaci a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a 1934, aka sake mayar da ita masallaci a 2020. A ciki nayi Azahar. Ginin kam ba a magana, ka ɗaga kai har hularka ta faɗi, amma gaskiya cunkoso da masu ɗaukar hoto sun yi yawa, ban ji abin da naji da safe ba. Wani abin mamaki kuma duk yawon da nayi ban ga an yanka ko akuya a bakin titi ba, hukuma ta ware wuraren yanka, can kowa yake kai dabbarsa.

To ba duka garin ne baƙon Allah ba fa, kar ku ce na zo ina ta yabo. A kan gadar Galata, inda masu kamun kifi suke jere da sandunansu ko ranar Sallah basu huta ba, wani mai gyaran takalmi ya wuce ni sai burushinsa ya faɗi. Na ɗauka na bi shi da gudu na miƙa masa. Ya kama godiya kamar na ceto masa ɗa, yana abi, abi, wato yaya, ya nuna lallai sai ya goge min takalmi, ni kuma da zuciyata ta riga ta yi laushi tun safe nace ikon Allah mutanen garin nan akwai karamci, na miƙa ƙafa. Takalmin ma na roba da yadi ne ba abin gogewa a jiki. Yana gamawa fuska ta canza, ya faɗi kuɗin da ya kai na abincin rana sau biyu, ga wani abokinsa ya matso. Na ba shi kusan rabi na wuce ina jin kunyar kaina. Da na waiwaya daga ƙarshen gadar wallahi a idona ya sake yar da burushin gaban wasu Turawa. Sana'a ce ashe. Yaya na san me za ka ce, riƙe abinka.

Haushin bai daɗe ba dan na shiga jirgin ruwa zuwa unguwar Uskudar da ke ɓangaren Asiya. Garin rabi yana Turai rabi yana Asiya, ruwan Bosforus ya raba, kuma tsallakawar bata fi minti 20 ba, mutane na yi kullum kamar mai zuwa unguwa. Na sayi simit, wani burodi ne zagayayye kamar awarwaro an barbaɗe shi da riɗi, naga yara na gutsura suna jefa wa fararen tsuntsayen teku da ke bin jirgin suna cafewa a sama tun kafin ya taɓa ruwa, nima na shiga sahu, ƙato da ni, rabin simit ɗin tsuntsaye suka cinye. A bakin tashar na haɗu da wani ɗan Senegal ya baza agoguna da tabarau a kan ɗan tebur. Muna haɗa ido muka yi wa juna irin gaisuwar kan nan. Ba mu da harshe ɗaya sai salamu alaikum da Id mubarak, ya nuna min hoton 'yarsa a waya sanye da kayan Sallah, na nuna masa hotonku na bara, ya nuna Inna yace mama? nace mama. Na sayi agogon da bana buƙata, Auta naki ne in bai mutu kafin in zo ba. Mayafin Inna ma na samu a wani ɗan shago can tsallaken, ruwan toka mai ɗan zane a baki, ban sani ba ko zai yi miki.

Dawowa na biyo jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, barci ya kwashe ni sai da wata tsohuwa ta taɓa ni da jakarta a tashar filin jirgi. Yanzu ina zaune a ƙasa kusa da soket ina cajin waya, ƙafafuna sun kumbura, hannuna har yanzu ƙamshin lemun tsamin nan yake. Tsohon ya sa jikansa ya rubuta min lambarsa a bayan tikitin bas wai in na sake biyowa a gidansa zan kwana, sai yanzu na lura ko sunansa ban tambaya ba, amja kawai nake ce masa yadda naji ana faɗa, wato baffa.

Inna maganar da kika yi min a waya watan jiya ban manta ba, kuma ba share ki nayi ba. In na dawo daga aikin nan zan zauna da mai gidan namu na wajen aiki a kan hutun ƙarshen shekara, ban yi alkawarin rana ba dan kar in sake saɓawa, amma wannan karon da takarda zan nema ba da baki ba. Baba a ci gaba da sa mu a addu'a. A gaida Gwaggo da jiki, ince ƙafar da sauƙi. Yaya ka turo min hoton yaron nan mana, wata 4 ana ce min gobe. Auta hotuna 12 na tura miki, ki nuna musu duka ba waɗanda kika ga dama ba, na kuliyar da ke barci cikin takalman masallata na Inna ne.

Sun fara kiran layinmu, kuma ƙofar da aka ba mu can ƙarshen duniya take sai na yi sauri. In na sauka zan kira ko da dare ne, ku bar wayar a kunne.

Naku,
ɗanku na Jamus, yau dai na Santambul.